Maulanmu Shehu Ibrahim Inyass da Kafuwar Unguwar Madina a Kaulaha

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, duk wanda Allah Ya nufa da ziyarar Kaulaha ta ƙasa ya san nisan hanyar. Mota ta taso daga Damagaram ko Maraɗi ko Tawa, ta kwana a Yamai, ta ratsa Burkina, ta wuce Bamako da Kayes, ta shiga ƙasar Senegal ta gabas, sai bayan kwana da kwanaki mutum ya sauka a wata unguwa da ke gefen garin Kaulaha, mai rairayi da zafin rana irin na gida. Kafin ya gama aje kayansa wani ya gaishe shi da Hausa, wani na kusa yana magana da Larabcin Muritaniya, wasu da Fulatanci, masu gari kuma da Wolof. In an kira salla duk su taru sahu ɗaya, in an idar a shimfiɗa farin ƙyalle a zauna wazifa, babu mai tambayar wani ƙabilarsa.

Wannan ita ce Madina, wadda mutanen can ke kira Madina Baye, domin da harshen Wolof Baye shi ne baba. Kafin 1930 wurin fili ne a bayan gari. Za mu bi rayuwar wanda ya kafa ta, Sahibul Faila Maulanmu Shehu Ibrahim Inyass, Allah Ya ƙara masa yarda, ta wannan ƙofar ta unguwarsa, domin mu ga yadda ya zauna da mutane da yadda ya zaunar da su. Mu ma muna da zawiyoyi a unguwanninmu, kuma muna da buƙatar sanin abin da ke raya su da abin da ke kashe su.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Shehu a watan Rajab, shekarar 1900, a ƙauyen Taiba Inyasen, tsakanin Kaulaha da iyakar Gambiya. Mahaifinsa shi ne Alhaji Abdullahi Inyass, babban malami kuma babban muƙaddamin Tijjaniyya a yankin Salum, wanda ya yi aikin hajji ya kuma ziyarci Fas tun lokacin da tafiya take da wuya. Mahaifiyarsa ita ce Sayyida A'ishatu, wadda a can ake ce wa Astu Janka.

Shehu bai buɗi ido cikin kwanciyar hankali ba. Yana jariri zama ya yi tsami tsakanin mahaifinsa da Turawan Faransa, har Alhaji Abdullahi ya kwashi iyalinsa da almajiransa ya ƙaura zuwa Gambiya, wadda take hannun Ingila a lokacin. A can Shehu ya yi ƙuruciyarsa, a gidan da yake baƙo a ƙasar wasu. Sai wajajen 1910 mahaifin ya dawo Senegal, da taimakon amininsa Alhaji Malik Si na Tiwawan, ya sauka a Kaulaha ya kafa unguwar Lewna Inyasen. Ke nan tun yana yaro Shehu ya ga yadda ake barin gida saboda addini, ya kuma ga yadda ake soma unguwa daga masallaci da makaranta.

Duk karatunsa a gaban mahaifinsa ya yi shi. A wurinsa ya haddace Alƙur'ani, ya karanci fiƙihun Malikiyya da tafsiri da hadisi da nahawu da luga, a wurinsa kuma ya karɓi ɗariƙa. Yana cikin farkon shekarunsa na 20 ya tsara waƙen nan Ruhul Adabi, wanda almajirai ke haddacewa har yau a zawiyoyinmu. Abin lura shi ne littafin farko da aka san shi da shi magana yake kan ladabi: yadda almajiri zai zauna da Ubangijinsa, da shehunsa, da ƴan uwansa.

Kosi, gona da makaranta

A 1922 Alhaji Abdullahi ya yi wafati. Halifanci ya koma hannun babban ɗansa, Alhaji Muhammadu Halifa, malami mai zurfi kuma mawaƙin yabon Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam. Shehu Ibrahim kuwa, wanda yake cikin ƙannai, yawancin zamansa ya kasance a Kosi, ƙauyen noma na gidansu kusa da Kaulaha, inda yake kula da gonaki yana kuma karantar da almajirai.

Ƙasar Salum ƙasar gujiya ce da hatsi, kamar yadda Maraɗi da Damagaram suka kasance a zamanin Turawa. Kaulaha tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Salum, daga nan ake lodin gujiya zuwa Faransa a wancan zamani, ana kuma haƙar gishiri a gefenta. Almajiran Kosi sun san fartanya kamar yadda suka san allo. Da damana a yi gona da safe, a yi karatu da rana da dare. Waɗanda daga baya suka zama manyan muƙaddamai a nan suka fara, cikin ƙura da zufa, kuma a cikinsu akwai Shehu Aliyu Sisi, wanda bai ƙara rabuwa da Shehu ba har ƙarshen rayuwa.

A 1929 Shehu ya bayyana cewa failar da Shehu Ahmadu Tijjani ya yi wa almajiransa bushara da ita, wadda mutane za su shiga ɗariƙa ƙungiya-ƙungiya a lokacin tsanani, ta zo a hannunsa, kuma duk mai son sanin Allah ta hanyar tarbiyya ƙofa a buɗe take. Mutane suka yi ta kwarara zuwa Kosi. Abin da ya ba malaman lokacin mamaki shi ne waɗanda suka samu rabo: manoma, da samari, da mata, da waɗanda ba su fito daga gidajen malanta ba. A daidai wannan lokaci kuma tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gujiya ya faɗi, talakan Salum ya shiga ƙunci. Cikin wannan ƙuncin aka ji zikiri na tashi daga ƙauyuka dare da rana.

Fita daga Lewna

Duk gidan da Allah Ya yi wa baiwa irin wannan sai an jarrabe shi. Yawan masu bin Shehu ya kawo saɓani tsakanin almajiransa da almajiran yayansa. A 1930, ranar ƙaramar salla, saɓanin ya fito fili bayan an sauko daga idi. A nan ne Shehu ya yanke shawarar da ta zama tushen duk abin da ya biyo baya. Yana da jama'a masu yawa, matasa ne masu ƙarfi, kuma gidan na mahaifinsa ne shi ma. Amma ya bar wa yayansa gida da zawiya da halifancin mahaifinsu, ya fita da ƴan kaɗan daga makusantansa ya nemi fili a bayan gari.

Ƴan uwa, mu tsaya a nan mu yi tunani. Sau nawa muka ga malami ya rasu, kafin a yi sadakar arba'in ƴaƴansa da almajiransa sun rabu gida biyu a kan limanci ko kan jan wazifa? Sau nawa maganar zawiya ta kai gaban mai unguwa, ko gaban sarki, ko ma kotu? Shehu ya nuna wata hanya: ya ɗauki asarar a kansa, ya bar wuri. Sakamakon haka gidaje biyu suka rayu. Alhaji Muhammadu Halifa ya ci gaba da jagorancin Lewna har wafatinsa a 1959, kuma Lewna tana nan har yau da zawiyarta da malamanta da maulidinta. Madina kuma ta zama abin da muka sani. Da an tsaya jayayya a kan gida ɗaya, Allah kaɗai Ya san abin da zai rage.

Ya sa wa sabon wurin suna Madina, saboda ƙaunar birnin Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, birnin da shi ma hijira ce ta kafa shi.

Yadda aka gina unguwar

Waɗanda suka fara zama a Madina ba dangin juna ba ne duka. Akwai wasu daga ƴan uwan Shehu na jini da suka bi shi, akwai iyalai da suka taso daga ƙauyukan Salum, kamar dangin Shehu Aliyu Sisi, akwai kuma almajirai ɗaiɗaiku da suka bar garuruwansu. Abin da ya haɗa su shi ne ɗariƙa da ƙaunar Shehu. Aka fara da zawiya, gidaje suka kewaye ta, kowane gidan malami kuma ya zama makaranta: nan ana haddar Alƙur'ani, can ana Risala da Muhtasar, gaba ana nahawu.

Shehu bai raba unguwar da noma ba. Shekaru da dama yana yin rani a Madina yana karantarwa, in damana ta faɗi ya koma Kosi da almajirai a shiga gona. Da abin da gona ta bayar, da abin da masoya suka kawo na hadiyya, ake ciyar da ɗalibai da baƙi. A 1945 ya koma mahaifarsa Taiba bayan gobara ta cinye mafi yawanta, ya sake tsara ta ya gina ta. Shi ya sa har yau masu ziyara ke haɗa wuraren nan uku, Madina da Kosi da Taiba, kuma a Taiba ake taron tunawa da haihuwarsa cikin Rajab.

A farkon shekarun Madina ya rubuta Kashiful Ilbasi, inda ya kafa hujjojin tarbiyya da faila daga Alƙur'ani da Sunna da maganganun magabata, domin masu tambaya da masu inkari su samu amsa ta ilimi. A cikin wasiƙunsa ga almajirai, waɗanda Shehu Ahmadu Abul Fatahi na Maiduguri ya tattara a Jawahirur Rasa'ili, ya yi ta nanata tsayar da salla a kan lokaci cikin jama'a, da kiyaye lazimi da wazifa da zikirin Juma'a, da neman ilimi, da neman halal, ya kuma barranta daga duk mai da'awar ma'arifa alhali ya yi watsi da shari'a. Wannan shi ne tsarin da aka rayu a kansa a unguwar: wanda ya kwana yana zikiri, da asuba yana sahu, da hantsi yana gona ko kasuwa ko gaban malami.

Baƙin da suka zama ƴan gida

Baƙi na farko da suka girgiza mutane su ne shehunan Muritaniya, irin su na ƙabilar Idawa Ali. Ta hannun kakanninsu, Shehu Muhammadul Hafiz da Shehu Maulud Fal, Tijjaniyya ta iso ƙasashen baƙar fata. Sai ga jikokinsu, ma'abota nasaba da ilimi, sun ƙetaro kogin Senegal sun durƙusa gaban wani matashi baƙar fata suna neman tarbiyya. A cikinsu akwai Shehu Muhammadul Mishri da Shehu Hadi, wanda daga baya Shehu ya riƙa aikowa ƙasar Hausa domin ya tarbiyyantar da mutane.

A 1937 Shehu ya tafi aikin hajji, ya biya ta Fas ya ziyarci Shehu Tijjani, ya kuma sadu da babban malamin ɗariƙa Shehu Ahmadu Sukairaju a Maroko. A ƙasa mai tsarki ya haɗu da Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, wanda ya sabunta ɗariƙarsa a hannunsa ya kuma gayyace shi Kano. Shehu ya zo Kano a 1945. Bayan wannan zuwan manyan malaman Kano suka kama hanyar Kaulaha, irin su Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari, da Shehu Abubakar Atiku Sanka, da Shehu Sani Kafinga, da Alhaji Umaru Falke. Mutane ne masu makarantu da almajirai, amma suka je suka zauna a Madina zaman ɗalibai. A wancan zamani wasu ta jirgin ruwa suke zuwa Dakar, wasu kuma su bi ta ƙasa har Bamako su hau jirgin ƙasa.

Tun daga nan Hausa ta samu gindin zama a Madina. Wasu sun je kwana kaɗan sun dawo, wasu sun yi shekaru, wasu sun yi aure sun hayayyafa, an binne su can. Yawan ɗaliban da ba su jin Wolof ya sa Shehu, wanda ya saba yi wa mutanensa tafsiri da harshensu, ya yi tafsirin Alƙur'ani cikakke da Larabci, shi ne aka buga daga baya da sunan Fi Riyadit Tafsir. Unguwar da baƙonta ke da wannan daraja, har a sauya harshen karatu dominsa, dole baƙo ya ji ta gida ce.

Igiyar da ta haɗa Madina da ƙasarmu

Faila ta shigo Damagaram da Maraɗi da sauran garuruwanmu ta hanyoyin da ilimi da fatauci suka saba bi, wato ta hannun malamai da fatake masu kai da komo tsakaninmu da Kano. Daga yamma kuma Allah Ya fito da Shehu Abubakar Hashim na Kiota, a jahar Dosso, wanda ya je Madina ya zauna gaban Shehu, ya dawo ya mai da Kiota cibiyar ilimi da zikiri da noma bisa tsarin da ya gani a can. Shehu ya aurar masa da ɗiyarsa Sayyida Ummul Khairi, wadda duk Nijar ta sani da Mama Kiota. Shehu Abubakar ya yi wafati a 2004, kuma maulidin Kiota na cikin manyan tarukan addini na ƙasarmu.

Wannan auren yana nuna wata hikima ta Shehu. Ya aurar da ɗiyansa ga almajiransa, na kusa da na nesa, ba tare da duba ƙabila ba. Babbar ɗiyarsa Sayyida Fatimatu Zahra ita ce matar Shehu Aliyu Sisi, mahaifiyar Shehu Hasan Sisi. Ta haka zumuncin ɗariƙa ya zama zumuncin jini, gidaje a ƙasashe dabam-dabam suka zama masu kakanni a Madina.

Kuma ɗiyan da ya aurar ba da hannu wofi suka fita ba, domin ya karantar da su kamar yadda ya karantar da maza. Sayyida Ruƙayya ta yi rubuce-rubuce kan tarbiyyar ɗiya musulma. Sayyida Maryam ta kafa babbar makarantar haddar Alƙur'ani a Dakar, inda yara daga ƙasashe da yawa suka yi hadda. Mama Kiota ta kafa makarantu da ƙungiyar mata a nan Nijar. Shehu ya kuma naɗa mata muƙaddamai. Duk mai cewa yana bin Shehu alhali ɗiyarsa ba ta zuwa makaranta, to ya sake duba gidan Shehun.

Duniya ta san shi, unguwa ta riƙe shi

Daga shekarun 1950 Shehu ya yi tafiye-tafiye masu yawa. Ya zagaya Najeriya da Gana, inda ya yi abota da shugaba Kwame Nkrumah. A 1961 ya je Misira, malaman Azhar suka karrama shi, daga nan laƙabin Shaihul Islam ya bi shi. Yana cikin malaman da aka kafa Rabiɗatul Alamil Islami da su a Makka a 1962. Lokacin da wani babban limamin coci a Dakar ya soki Musulunci gab da samun ƴancin kai, Shehu ya mayar masa da martani a rubuce, yana kare haƙƙin mutanen Afirka a kan ƙasarsu da addininsu.

Duk inda ya je, Madina yake komawa, kuma abin da ya samo a tafiya ita yake kawo wa. Ya faɗaɗa masallaci. Ya kafa makarantar zamani ta Larabci da sunan mahaifinsa Alhaji Abdullahi Inyass. Ya nemo wa ƴaƴansa da almajiransa guraben karatu a Misira da Maroko, suka dawo suka karantar. Mutumin da shugabannin ƙasashe ke tarba shi ne dai wanda manomi zai shigo wurinsa da kukan rashin lafiyar ɗansa, ko ma'aurata da saɓaninsu, ya saurare su ya yi musu addu'a.

Wafatinsa da abin da ya bari

Shehu ya yi wafati ranar 26 ga Yuli 1975, cikin watan Rajab na 1395, a wani asibiti a Landan inda aka kai shi jinya. Aka dawo da shi Madina aka yi masa makwanci kusa da masallacinsa. Wanda ya ɗanɗani ɗacin saɓanin gado a 1930 bai bar nasa gidan cikin duhu ba. Ya bar wasiyya. Limancin masallaci ya koma ga Shehu Aliyu Sisi, bayansa a 1982 ga Shehu Hasan Sisi, wanda ta hannunsa faila ta kai Amurka da Afirka ta Kudu, bayan wafatinsa a 2008 kuma ga Shehu Tijjani Aliyu Sisi. Jagorancin iyali ya bi ƴaƴansa bisa girma, daga Alhaji Abdullahi. Yau Madina ta haɗe da garin Kaulaha, kuma duk shekara a maulidin Annabi, wanda a can ake kira Gamu, gidajenta kan cika da baƙi har tsakar gida da zaure, masu gida su yi ta dafa abinci domin mutanen da ba su taɓa gani ba.

Abin da ya rage gare mu

Ya ku ƴan uwa, da yawa daga cikinmu muna da hoton Shehu a ɗaki, muna rera diwaninsa, muna tara kuɗin ziyara shekara da shekaru. Duk wannan alheri ne. Amma Madina da muke marmarin gani da abubuwa sanannu aka gina ta, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a cikinsu: haƙuri da ɗan uwa lokacin saɓani, salla cikin jama'a, karatu ga yaro da yarinya, sana'ar da mutum zai ci halal, da buɗe ƙofa ga baƙo.

Sai kowannenmu ya dubi unguwarsa. Zawiyarmu tana buɗe tsakanin wazifa da wazifa, ko kuwa sai an zo zikiri ake share ta? Almajiran da aka kawo mana daga ƙauye, wa ya san inda suke kwana da abin da suke ci? In maƙwabcinmu wanda ba ɗan ɗariƙa ba ya yi rashi ko rashin lafiya, yana ganin ƙafarmu a gidansa? In muƙaddamai biyu suka saɓa, akwai wanda zai iya cewa ya bari saboda Allah? Matasanmu da suke zaune ba aiki, akwai mai sana'a a cikinmu da ya ja ɗaya ya koya masa? Wanda ya gyara ɗaya daga cikin waɗannan a unguwarsu, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, ya ɗauki rabonsa daga gadon Shehu ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka Kaulaha ba.

Allah Ya ƙara wa Maulanmu Shehu Ibrahim yarda da kusanci, Ya saka masa da mafificin alheri a kan hidimar da ya yi wa addini. Allah Ya jiƙan mahaifansa da ƴan uwansa da halifofinsa da duk waɗanda suka ɗauki ƙasa da itace suka gina Madina. Allah Ya haɗa kawunanmu, Ya raya zawiyoyinmu da ilimi da zikiri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damana mai albarka, Ya sa mu cika da imani, albarkacin Shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu alaihi wa sallam. Amin.